Haro, Huɗa, Kaftu: Kowanne da Aikinsa

Bara da muka fita SIWES, an haɗa ni da wani malamin gona muka shiga ƙauye. Ranar farko na tsaya gaban wani dattijo na ce, "Baba, ya kamata a nome gonar nan kafin shuka." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, me ya tsiro da za a nome?" Aka fashe da dariya. Mu a aji komai noma ne. A bakin manomi kuwa, in ana maganar aikin yini, noma shi ne cire ciyawa bayan shuka ta fito: noman fari, sannan maimai. Abin da ake yi wa ƙasa kafin iri ya shiga, kowanne da sunansa.

Sassabe da shara ba sa buƙatar dogon bayani: a sare itatuwa da ƙayoyi, a tattara tushiya da karan bara. Kaftu shi ne a sare ƙasa a juya ta, a bar ta a baje ba tare da kunya ba, kamar yadda ake yi a fadama kafin shinkafa ko albasa. Garmar tarakta ma aikin da take yi ke nan, sai dai tana nitsewa kamar santimita 20 zuwa 30, ta bar manyan hoge.

A nan haro yake shigowa. Kalmar aro ce daga Turanci, kuma sunan ƙarfen ne, sunan aikin ne. Faya-fayan ƙarfe ne a jere, suna farfasa hoge, su yanka ciyawa, su cakuɗa taki da ƙasa, su daidaita fili. Zurfinsa bai cika wuce santimita 10 zuwa 15 ba. Shi ya sa a littafinmu kifar da ƙasa ne aikin farko, haro na biyu. In aka tambaye ku a jarrabawa, haka za ku rubuta. Amma a gona, saboda tsadar dizal, da yawa haro kawai suke yi, sai rija. Har ta kai wasu duk aikin tarakta haro suke ce masa. To in an aike ka wurin direba, ka tambaya tun kafin a biya: sau nawa zai bi, kuma da huɗa ko babu? Rigima da yawa daga nan take tashi.

Huɗa ita ce tara ƙasa kunya-kunya, da garmar hannu, ko ta shanu, ko rija. Ga masara da dawa, tazarar da aka saba koya mana santimita 75 ce tsakanin kunya da kunya. Kada a haɗa ta da ban ƙasa, wanda ake yi bayan shuka ta girma don ta tsaya da gindinta.

Ni dai a ganina mun cika ɗaukar haro tamkar magani. A jigawa, in aka maimaita shi, ƙasa ta koma turɓaya, iska ta kwashe, ruwan farko mai ƙarfi ya daddaɓe sauran har tsiro ya kasa ɓullowa. A laka mai jiƙe kuwa dunƙulewa take yi, ƙarƙashinta ya taurare. Gwajin mai sauƙi ne: damƙi ƙasar ka matse. In ta marmashe, a shiga. In ta manne kamar tuwo, a jira. Gonar da tofa ta kama ma sai a yi hattara, don faifan yana daddatsa saiwarta, kowane guntu ya zama sabon tsiro.

Dattijon nan, a gonarsa ta gero ko haro ɗaya bai yi ba. Sungumi ya ɗauka ya yi saran shuka a busasshiyar ƙasa, ya zuba iri ya rufe, ya jira ruwa. Wannan shi ake kira binne.