Noman Fici Na Gwangwani A Kalifoniya: Aikin Hannu Da Aikin Inji

Wannan darasi ya shafi wata sana'ar noma ta ƙasar Amurka, watau noman ɗan itacen da ake kira fici domin a zuba shi a gwangwani. An zaɓe ta ne saboda tana bayyana abubuwa biyu da ya kamata hakimai da malamansu su fahimta: iyakar abin da inji ke iya yi a gona, da halin da manomi kan shiga idan mai sayen amfanin gonarsa ma'aikata ce guda ɗaya.

1. Itacen da inda ake nomansa

Asalin fici daga ƙasar Sin yake, daga can ya bi ta Farisa ya shiga Turai. Girmansa ya yi kamar ƙaramin mangwaro, fatarsa da gashi-gashi, da ƙwallo ɗaya a tsakiya. Ba ya yin 'ya'ya sosai sai ya sha sanyin hunturu mai tsawo, shi ya sa bai yaɗu a ƙasashe masu zafi ba.

Iri biyu ne manya. Akwai wanda namansa kan rabu da ƙwallo cikin sauƙi, shi aka fi ci ɗanye. Akwai kuma wanda namansa ke manne da ƙwallo. Wannan ya fi tauri, ba ya dagargajewa idan an dafa shi, saboda haka shi ake nema domin gwangwani. Kusan duk abin da Amurka ke nomawa na wannan iri daga Jihar Kalifoniya yake fitowa, musamman kewayen Yuba City a kwarin Sakramento da kewayen Modesto a kwarin San Wakin.

Itacen kan fara 'ya'ya a shekara ta uku, ya yi kamar shekara 20 yana ba da amfani. Ana tsinka daga Yuli zuwa farkon Satumba. Manoma sukan dasa iri dabam-dabam, masu saurin nuna kamar Loadel da masu jinkiri kamar Halford, don kada kayan su taru wa ma'aikata a mako guda.

2. Ayyuka uku masu cin hannu

Na farko shi ne datse rassa da hunturu, don haske ya shiga cikin itacen. Na biyu shi ne rage 'ya'ya. Fici yakan ɗauki 'ya'ya fiye da ƙarfinsa, in an bar su duka sai su fito ƙanana, ma'aikata kuwa ba ta karɓar ƙanana. Tilas a bi reshe-reshe a zubar da yawancinsu tun suna kore, kamar yadda manomi ke rage gero idan ya tsiro da yawa a rami ɗaya. Na uku shi ne tsinka, wadda ake yi da tsani da jaka a rataye a ƙirji. Ladan waɗannan ayyuka uku shi ne mafi nauyi cikin kuɗin da mai gona ke kashewa a shekara.

A 1942, sa'ad da yaƙin duniya na biyu ya ɗebe ma'aikatan gona, Amurka da Meksiko suka ƙulla yarjejeniyar da aka sani da sunan Bracero, wadda ta ba 'yan ƙodago daga Meksiko damar zuwa aikin kaka su koma gida. An rufe wannan shiri a ƙarshen 1964. Daga nan ne masu gonaki suka dukufa neman injin da zai maye gurbin hannu.

3. Abin da inji ya iya da abin da ya kasa

Ga tumatir na gwangwani an dace. A Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Jack Hanna ya samar da irin tumatir mai tauri wanda ke nuna gaba ɗaya, Coby Lorenzen kuma ya tsara injin girbinsa. Kafin 1970 kusan duk tumatir na gwangwani a jihar da inji ake girbe shi.

An so a yi wa fici haka. Injin da aka kawo yakan kama gindin itace ya girgiza shi, 'ya'yan su zubo kan shimfiɗa mai taushi, bel ya kwashe su zuwa akwati. Amma har yanzu yawancin ficin gwangwani da hannu ake tsinkarsa, ga kuwa dalilai. Ɗan da ya faɗo daga ƙoli yakan bugi rassa kafin ya iso ƙasa, ya yi tabo. Tumatir mai tabo ana iya niƙa shi, fici kuwa rabi-rabi ko yanka-yanka ake sayar da shi, tabon ba ya ɓoyuwa. Sa'an nan 'ya'yan itace guda ba sa nuna rana ɗaya, inji kuma ba ya bambanta ɗanye da nunanne. Daɗin daɗawa, tumatir shukar shekara ce, mai bincike yana iya gwada sabon iri kowace shekara, alhali gwajin sabon irin fici yakan ci shekaru da yawa.

Duk da haka inji ya rage waɗansu wahalhalu. Manyan akwatuna masu ɗaukar kimanin rabin tan, waɗanda mota mai cokali ke ɗagawa, sun maye ƙananan akwatunan da ake ɗauka da hannu. An kuma shigo da wani inji daga Jamus mai suna Darwin, mai igiyoyin roba da ke juyawa suna kaɗe wani kashi na furanni, don aikin rage 'ya'ya ya yi sauƙi daga baya. Waɗansu manoma suna renon itatuwa gajeru yadda za a rage hawa tsani.

4. Cikin ma'aikatar gwangwani

A nan inji ya ci nasara sosai, domin kayan ne ke zuwa wurinsa ɗaya bayan ɗaya. A da mata ne ke tsaga fici su ƙwaƙule ƙwallon da wuƙa mai kama da cokali. Yanzu inji ke riƙe ƙwallon ya murɗe ɓangarorin biyu su rabu da shi. Ana saɓule fata da ruwan soda mai zafi, a wanke, na'ura mai kyamara ta ware masu aibi, a zuba a gwangwani da ruwan sukari ko ruwan 'ya'yan itace, a liƙe, a dafa. Fici da aka tsinka ba ya jira. In bai shiga gwangwani cikin ɗan lokaci kaɗan ba, ya lalace.

5. Yadda kasuwa ta juya

Da yake masu gona suna da yawa, masu saye kuwa kaɗan ne, manoma suka kafa ƙungiya tun 1922, wadda a yau ake kira California Canning Peach Association, don ta yi ciniki da kamfanoni a madadinsu baki ɗaya. A shekarun da amfani ya yi yawa, har an riƙa sa manoma su kaɗe wani kashi na 'ya'yan tun suna kore don kada farashi ya faɗi.

A ƙarshen shekarun 1960 gonakin wannan iri sun haura eka 50,000. Kafin 2020 sun koma ƙasa da eka 20,000. Motoci da jiragen ruwa masu sanyi sun sa ana samun ɗanyun 'ya'yan itace a kantuna duk shekara, sai cin na gwangwani ya ragu. Girka da Sin suna sayar da nasu da rahusa. Ladan ƙodago kuma yana hawa: mafi ƙarancin lada a Kalifoniya ya kai dala 16 a awa a 2024, kuma tun 2022 doka ta wajabta wa manyan gonaki biyan ƙarin lada ga wanda ya wuce awa 40 a mako. Manoma da yawa suka tumɓuke fici suka dasa almon da walnat, waɗanda ɓawonsu mai tauri ne, girgizar inji ba ta cutar da su.

Kamfanonin ma ba su tsira ba. Tri Valley Growers, babbar ƙungiyar manoma mai ma'aikatun gwangwani, ta karye a 2000. Seneca Foods ya rufe ma'aikatarsa ta Modesto a 2018. A Yulin 2025 Del Monte Foods ya kai kansa kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi. Manomin da ya dasa itatuwan shekara 20 bisa yarjejeniya da kamfani guda, in kamfanin ya rufe, ba shi da wata kasuwa, domin irin nasa ba shi ne ake nema a ci ɗanye ba.

6. Abin lura ga hakimai

Irin wannan dogaro na juna ya bayyana a Kadawa ta Jihar Kano, inda ma'aikatar tumatir ta Dangote ta fara aiki a 2016, ta kuma tsaya fiye da sau ɗaya saboda ƙarancin tumatir. Ma'aikata ba ta tafiya sai da kayan manomi, manomi kuma ba ya cin riba sai ma'aikata tana tsaye.

Saboda haka idan wani kamfani ya zo yana neman talakawa su noma masa wani abu, lalle ne hakimi ya tabbata an rubuta farashi da ranar biya kafin shuka. Ya bincika ko amfanin yana da wata kasuwa in kamfanin ya fasa, ya kuma san wanda zai ɗauki hasarar kayan da aka ƙi karɓa. In itace ne mai daɗewa, a ƙara yin hattara. Gwamma manoma su yi ciniki a ƙungiyance da kowa ya je shi kaɗai. Malamin hakimi ya ajiye kwafen yarjejeniya da lissafin ekar kowane manomi, domin ranar gardama takarda ce za ta raba.

Tambayoyi

1. Me ya sa inji ya dace da girbin tumatir fiye da na fici?
2. Waɗanne abubuwa uku ne suka rage gonakin fici a Kalifoniya?
3. Me ya kamata a rubuta cikin yarjejeniya tsakanin manoma da kamfani kafin a fara shuka?