Kowace Dauɗa da Maganinta: Darasi Daga Aikin Duba-gari

Ana jibi ƙaramar Sallah, muna zagayen duba gidaje a wata unguwa ta cikin birnin Kano, sai ga wani yaro ya sheƙo a guje ya kama gefen hijabina. "Malama duba-gari, wai ki zo, Anti ta kasa numfashi." Da na shiga gidan na tarar da wata amarya zaune dirshan a tsakar gida, idanunta jajir, hawaye na zuba, tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Uwar mijinta na tsaye a kanta riƙe da kofin madara. Kafin in buɗe baki hancina ya riga ya ba ni labari, domin wani wari mai yanka maƙogwaro ke fitowa daga banɗaki.

Baiwar Allah so ta yi masai ya yi fari fat saboda baƙin Sallah. Ta zuba ruwan wanke masai, ta ga bai gamsar da ita ba, ta bi shi da ruwan kulorin da ake cire tabon kaya da shi, ta ja ƙofa ta durƙusa da buroshi. Tagar banɗakin kuwa an toshe ta da leda tun lokacin hunturu. Na ce wa tsohuwar, "Hajiya, a yi haƙuri a ajiye madarar nan, iska take buƙata." Muka yage ledar tagar daga waje, muka bar ƙofa a wangale, muka yi ta kwarara mata ruwa a idanu, sannan aka sa ta a adaidaita sahu zuwa asibiti tare da robobin biyu, don likita ya ga abin da ta shaƙa. Da yake da sauran shan ruwa a gaba, ta yi Sallarta a ɗakinta, sai dai muryar ta kwana biyu a dishe.

Yawancin ruwan wanke masai asid ne mai ƙarfi. Idan ya haɗu da ruwan kulorin, irin su Hypo da Jik, sai su saki iskar kulorin, wadda sojojin Jamus suka yi yaƙi da ita a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915. Ruwan khal da lemon tsami ma suna iya tayar da ita. Haka kuma zuba kulorin tsagwaronsa a kan fitsarin da ya kwana a fo yana fitar da wata iskar mai ƙona hanci da huhu. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Shekarun da na yi ina shiga gidajen mutane sun nuna mini cewa matanmu ba su da ƙyuyar aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne tunanin cewa idan abu ɗaya yana wanki, to biyu a haɗe sun fi. Alhali dauɗar gida iri uku ce, kuma kowacce da abin da ke jin maganarta.

Ta farko ita ce maiƙo: bayan tukunya, murhun gas, bangon kicin da hayaƙin suya ya dafe. Maiƙo yana narkewa ne a gaban abu mai kaifi irin na kanwa, wato sabulu, omo, bekin soda, kanwar kanta, da toka. Da tsohuwar zuma ake magani. Kakanninmu da suke dirje tukunya da toka da soso sun san abin da suke yi, don toka tana narkar da mai, kuma tsakuwarta mai laushi tana kankare baƙi. Idan shinkafa ta kama a gindin tukunyar silba, a zuba ruwa ya rufe ƙanzon, a sa cokali biyu na bekin soda, a tafasa minti goma, a bari ya huce. Da cokalin katako ma zai ɓamɓaru. Amma tukunyar dalma, wadda maƙeranmu ke zubawa da alminiyom, ba ta shiri da kanwa. Duk wadda ta taɓa dafa wake da kanwa a cikinta ta ga yadda cikin ke yin duhu. Maganin wannan duhun shi ne a tafasa tsamiya ko ɓawon lemon tsami a ciki, sai ta dawo da haskenta.

Ta biyu ita ce farin ɓawon da ruwan rijiya da na burtsatse ke bari a cikin butar shayi, bakin famfo da jikin tayil. Wannan ma'adinin ruwa ne ya daskare, danginsu ɗaya da alli, kuma ko an wuni ana goga masa omo ba zai motsa ba. Tsami yake tsoro. A zuba ruwan khal da ruwa daidai wa daida a butar, a tafasa, a bar shi awa ɗaya, a ɗauraye sosai. Bakin famfo kuwa a jiƙa tsumma da khal a naɗe shi zuwa wani lokaci. Tiren tagulla da ya dusashe, a yanka lemon tsami biyu, a dangwala gishiri a goge. Sai dai a nisanta tsami daga daɓen tarazo da na mabul, domin su ma dangin alli ne, yana cinye ƙyallinsu ya bar tabon da ba ya fita.

A nan ne nake son in warware wani abu da ya bazu a wayoyinmu: haɗa bekin soda da ruwan khal. Kumfar da ke tasowa tana burge ido, kuma ba ta da haɗari, amma a cikinta ne kowannensu yake kashe ƙarfin ɗan uwansa. Abin da ke saura bai wuce ruwa da wani irin gishiri ba. Idan ana son amfaninsu, a yi aiki da ɗaya, a ɗauraye, sannan a kawo ɗayan.

Ta uku ita ce wadda ido ba ya gani, wato ƙwayoyin cuta, kuma ita ce ta fi damuna a aikina. A 2021 amai da gudawa ya kama mutane sama da 100,000 a Najeriya, mafi yawansu a jihohin Arewa. Kulorin yana kashe waɗannan ƙwayoyi, amma da sharaɗi uku. Na ɗaya, a fara wanke wurin da sabulu a ɗauraye, saboda dauɗa tana shanye ƙarfinsa. Na biyu, a sirka shi da ruwan sanyi bisa ma'auni. A duba jikin robar. Idan an rubuta 3.5%, cokali biyu na cin abinci a cikin lita ɗaya, wato ledar fiya-wata biyu, ya isa goge ƙasa, masai da marfin ƙofa. Inda jini ko amai ya zuba, kofi ɗaya a cikin kofi shida na ruwa, a bar shi minti goma kafin a kwashe, da safar roba a hannu. Na uku, wanda aka sirka yau na yau ne, domin zafi da hasken rana suna kashe shi. Wanda ya kwana a bokiti ƙarfinsa ya ragu, ba a dogara da shi.

Da ruwan kofi ɗaya cikin shida ɗin nan ne kuma ake yayyafa wa kashin ɓera kafin a kwashe. Share shi a bushe yana tayar da ƙurar da za a shaƙa, kuma ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, wadda ta fi tsananta da rani.

Akwai wurare biyu da nake fara dubawa idan na shiga gida, tun kafin in kalli tsakar gida. Ɗaya soson wanke-wanke ne. Sau da yawa nakan same shi kwance cikin ruwan omo na jiya, da guntun tuwo a jikinsa, kuma da shi za a wanke kwanon jariri. A matse shi, a shanya a rana kullum, a canza shi da zarar ya soma wari. Ɗayan kuma randa ce. A juye ta a wanke cikinta duk mako, a rufe bakinta, a ware mata moɗa guda mai mariƙi wadda ba a shan ruwa da ita.

Abu na ƙarshe, don Allah iyaye mata, a daina juye kulorin, kananzir ko fiya-fiya a gorar lemo. Yaro ɗan shekara biyu gora ya sani, bai san abin da ke ciki ba. Idan ƙaddara ta faɗa ya sha, kada a tura masa yatsa a baki don ya yi amai, kada a ɗura masa manja. Kananzir idan ya dawo ta hanyar amai yakan faɗa huhu, kuma a can ne yake yin ɓarnarsa. A ɗauki yaron da gorar a nufi asibiti.

Bayan Sallah da 'yan makonni na sake bi ta gidan amaryar nan. Na tarar an cire ledar tagar an sa raga, robobin biyu kuma kowacce da inda aka rataye ta, sama da inda hannun yaro zai kai. Uwar mijin ta raka ni har zaure tana dariya, ta ce, "'Yar nan, mu da toka da soso muka aurar da 'ya'ya tara, ba a taɓa kai ɗayanmu asibiti saboda wanke masai ba." Na ce, "Gaskiyarki Hajiya, amma ku ma ai ba ku taɓa zuba tsamiya a cikin tokar ba."