Kafin Ka Kai Iyalinka Kaduna

Ɗana, ka tambaye ni nawa ya kamata miji da mata su riƙa samu a wata kafin su zauna a Kaduna cikin rufin asiri. Na ji daɗin tambayar, domin da yawa daga 'ya'yan garinmu Gayam ba su sami sararin yin ta ba. Rashin tsaro ne ya tayar da su, suka sauka Rigasa da Mando daga su sai kayan jikinsu. Kai kuwa Allah Ya ba ka lokacin shiri.

Fara lissafa abin da ba ka saye a nan. Masara da dawa na rumbu, ruwa na rijiya, itace na bakin daji, ɗaki kuma a gidan mahaifinka. A birni kowanne da kuɗinsa: ɗan garuwa, gawayi, wuta, Keke Napep safe da yamma. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane mudu. A 2024 gwamnatin tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, jihar Kaduna ta ce 72,000. A ganina wannan ba ya riƙe mutum biyu masu biyan haya, balle in ƙaruwa ta zo.

Haya ce ke karya magidanci. Mai gida na son kuɗin shekara a dunƙule, dillali na jiran la'adarsa. Shawarata, kada hayar shekara ta wuce samunka na wata uku. In ta wuce, nemi ciki da falo a bayan gari, ba abin kunya ba ne. Idan ka fitar da haya da cefane da kuɗin mota, babu ragowar da za ka kai matarka awo asibiti ko ka zo gida ta'aziyya, to samunka bai kai ba tukuna. Ka yi gaba kai kaɗai, ka kafu, sannan ka zo ka ɗauke ta.

In tana kitso ko ɗinki, ka ƙarfafa mata gwiwa, amma kuɗinta nata ne. Ci da sha a wuyanka suke. Abin da ta ba ka da daɗin rai, ka gode mata.

Gonarka kuwa, don Allah kada ka sayar. An sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, mutane sun fara komawa gonakinsu. Ka bar wa ƙanenka ita ya noma, da kaka a ɗoro maka masara a mota. Ka dai tabbata kuɗin taki ya iso kafin ruwa ya sauka.