Saɓanin Kiristoci a Kan Al'ajabi, da Ma'aunin Musulmi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (S.A.W). Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, tun 1924 da mishan ta SIM ta sauka a nan Damagaram muke maƙwabtaka da Kiristoci, amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa sun saɓa a junansu game da wannan mas'ala: shin abubuwan al'ajabi suna aukuwa har yau?

Ɓangare na farko sun ce baiwar warkar da marasa lafiya ta ƙare da wucewar almajiran Annabi Isa (A.S), domin an bayar da ita ne don gaskata saƙo. Malaminsu Warfield na Amurka ya wallafa littafi a kan haka a 1918. Ɓangare na biyu, ƴan Fentikos, waɗanda suka bunƙasa daga birnin Los Anjelis a 1906, sun ce baiwar tana nan. Cikinsu akwai Bajamushe Reinhard Bonnke, wanda taron warkarwar da ya shirya a Kano a Oktoban 1991 ya zama sanadin tarzoma, rayuka da yawa suka salwanta.

Mu kuwa, malamanmu sun rarrabe al'amarin gida uku. Na ɗaya, mu'ujiza: ta Annabawa ce, tana zuwa tare da da'awar Annabci, kuma babu Annabi bayan Annabi Muhammadu (S.A.W). Na biyu, karama: Allah yana bayar da ita ga salihin bawa, kamar Nana Maryamu da As'habul Kahfi, kuma ba ta yanke ba. Na uku, istidraji: talala ce da ake yi wa fasiƙi, kamar abin da zai bayyana a hannun Dujal.

Saboda haka al'ajabi shi kaɗai ba hujja ba ne. Duk wanda ya ce yana warkarwa, ko fasto ne ko mai rawani, sai mu auna aƙidarsa da aikinsa, mu duba ko kuɗin talakawa yake nema. Mara lafiya kuwa a kai shi likita, a haɗa da addu'a.

Kuma kada mu manta da majami'un da aka ƙona a garin nan a Janairun 2015. Hujja ake amsawa da hujja. Jinin maƙwabci da dukiyarsa amana ne a wuyanmu.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon binta. Amin.