Abin da Mai Son Koyon Binciken Hujjojin Dijital Zai Fara da Shi

Binciken hujjojin dijital shi ne tono bayanai daga waya, kwamfuta ko filas ta yadda kotu za ta karɓe su. Yawancin matasa suna ɗauka aikin bai wuce dawo da hotunan da aka goge ba. Wannan kuwa ko mai gyaran waya a Farm Centre zai iya yi. Inda aikin ya bambanta shi ne iya tabbatar da cewa ba a taɓa hujjar ba.

Darasin farko ke nan: ba a bincike a kan na'urar asali. Da zarar an kunna kwamfuta, Windows za ta sauya lokutan wasu fayiloli, ta rubuta sababbi a kan gurbin waɗanda aka goge. Shi ya sa ake jona ma'ajiyar da na'urar da ke hana rubutu, a kwafe ta ɗungurungum da manhaja irin FTK Imager, sannan a fitar da lambar shaida ta SHA-256, mai haruffa da lambobi 64. Ko ɗigo ɗaya aka sauya, lambar za ta canza gaba ɗaya. Idan ta kwafin ta zo daidai da ta asali, a kan kwafin ake aiki. Duk wanda hujjar ta bi ta hannunsa kuma sai an rubuta sunansa da lokaci.

Sai sanin yadda ma'ajiya ke aiki. Goge fayil a tsarin FAT32 ko NTFS ba ya share shi nan take, gurbinsa kawai ake sakewa. A ma'ajiyar SSD kuwa, umarnin TRIM kan share shi da gaske, don haka abin da ya yi aiki a tsohuwar kwamfuta ba lallai ya yi a sabuwa ba.

Ɓangaren da masu fasaha suka fi sakaci da shi shi ne shari'a. A Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗan karɓar hujjar da ta fito daga kwamfuta, har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samo bayanin. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Jarrabawar ƙwarewa irin CHFI da GCFE da dala ake biya, kuma ba ita ce mafari ba. Autopsy da Volatility kyauta ne, hukumar NIST ta Amurka kuma ta ajiye kwafin ma'ajiyoyi na gwaji a shafinta na CFReDS. Mai koyo zai iya sauke ɗaya, ya bincika, ya rubuta rahoton da lauyan da bai san kwamfuta ba zai fahimta. Wayar wani dai ba wurin gwaji ba ce, domin shiga na'urar mutum ba da izini ba laifi ne a Dokar Laifukan Intanet ta 2015.