Darasi: Sheƙar Tsuntsu a Gonar Manomi

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, manoman Bichi, Dambatta da Tsanyawa kan riƙa ɗaga kai suna duban kuka da tsamiya. Shamuwa suke nema. Da ta sauka ta fara tara ƙirare a kan reshe, sai a fito da iri, a kai garma maƙera, don damina ta kusa.

Shamuwa takan yi rani a kudancin Afirka, ta dawo nan ta yi ƙwai biyu ko uku. Fara da tsutsa take ci, da su kuma take ciyar da 'ya'yanta. Duk farar da ta kai sheƙa, an rage wa gero maƙiyi ɗaya.

Cilakowa kuwa a kogon itace take ƙwai. Macen takan shiga ciki, a toshe ƙofar da laka da kashinta, a bar 'yar tsaga. Ta nan namijin yake miƙo mata ƙwari. In aka sare tsofaffin itatuwa don itacen girki, ta rasa wurin haihuwa.

Jan baki ne abin tsoro. Namijin yakan saƙa sheƙar ciyawa cikin kwana biyu ko uku, kuma dubban sheƙuna ne ke taruwa wuri ɗaya a cikin ƙaya. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 10. Tsuntsu ɗaya na iya cin hatsi giram 10 a rana, wato garken miliyan 2 zai ci tan 20. Masu shinkafa a fadamar Haɗejiya da Nguru sun daɗe suna fama da shi, kuma ba ya barin gero da dawa.

Saboda haka a hana yara harbin shamuwa da danƙo, a bar itacen da cilakowa take ciki. Wanda ya ga taron sheƙunan jan baki kuwa, ya sanar da mai unguwa da malamin gona tun 'ya'yan ba su yi fiffike ba.

Tambayoyi
1. A wane wata shamuwa take zuwa?
2. Wa yake ciyar da macen cilakowa?
3. Wa za a sanar idan an ga sheƙunan jan baki?