Kwabon da ya yi wa sarki zambo

Jama'a masu sauraro, wasiƙarmu ta gaba daga Damagaram ta fito. Mai wasiƙar ya ce ya ga hoton wani tsohon kwabon Faransa, an ɗora wa sarkin da ke jiki hular kwano mai tsini, a baya kuma ga mujiya. Yana tambaya: kuɗi ne wannan, ko lambar yabo?

To Malam, zambo ka gani, sai dai a ƙarfe aka buga shi. Sarkin nan Napoleon na Uku ne. A 1870 ya gwabza yaƙi da Jamusawan Furushiya, suka yi wa rundunarsa ƙawanya a garin Sedan. Ranar 2 ga Satumba ya miƙa wuya, aka tafi da shi Jamus a tsare. Kwana biyu da faruwar haka, mutanen Paris suka ayyana jamhuriya.

Haushi ya sa masu sassaƙar ƙarfe suka riƙa ɗaukar kwabbansa na tagulla, musamman na santim 10, suna gyara masa kamanni. Hular da ka gani ta sojan Furushiya ce, wato sun mayar da shi yaron abokan gaba. Wasu suka liƙa masa taba a baki, wasu suka ɗaura masa sarƙa a wuya ɗauke da sunan Sedan. Mikiyar daula da ke bayan kwabon kuwa ta koma mujiya ko jemage.

Da abin ya samu kasuwa, sai aka shiga buga lambobi na musamman masu kamar kwabo. A jikinsu ana kiransa wulaƙantacce, ana tuna masa fursunoni 80,000 da ya bari a hannun Jamusawa. Gatsen da ya fi ciwo yana cikin rubutun baya: inda aka saba ganin "Empire", wato daula, sai ga "Vampire", wato mai shan jini, kusan abin da mu za mu ce maye. Wasu lambobin har da ranar 2 ga Disamba 1851, ranar da ya yi juyin mulki.

Ka tuna, Malam, wannan sarki ya daɗe yana taka wa 'yan jarida birki. Amma kwabo daga hannu sai hannu, wa za ka kama? Shi ya rasu a Ingila a 1873, kwabban kuwa har gobe masu tara tsofaffin kuɗi suna cinikinsu.

Da fatan ka gamsu. Sai wasiƙa ta gaba.